Aikin Jaridar Kimiyya a Rediyo da Talabijin: Tambayoyin da Matasan Zango Suka Fi Yi

Tambayoyin nan daga bakin ɗalibai suka fito, da masu hidimar ƙasa, da yaran da ke taya aiki a gidajen rediyon Kumasi, tun daga Aboabo da Asawase har Sawaba da Tafo. Kusan abu ɗaya kowa ke son sani, sai dai kowa da yadda yake furta shi. Na tattara su wuri guda, na faro daga masu sauƙi.

Mene ne ainihin aikin ɗan jaridar kimiyya?

Aikinsa ya nemo abin da masu bincike suka gano, ya tantance ko ya tabbata, sannan ya faɗa wa jama'a da harshen da za su gane. Lafiya na ciki, da noma, da muhalli, da yanayi, da wutar lantarki, da fasahar waya da kwamfuta, har da sararin samaniya.

Amma shi ba kakakin masana ba ne. Jami'in hulɗa da jama'a na jami'a aikinsa ya fito da sunan jami'arsa. Malamin aji aikinsa ya koyar da abin da aka riga aka tabbatar. Ɗan jarida kuwa mai sauraro yake yi wa aiki, saboda haka ko farfesa ne a gabansa, zai gaishe shi da ladabi, sannan ya ce: "Ranka ya daɗe, ta yaya aka san haka? Mutum nawa aka gwada? Wa ya biya kuɗin binciken?" Wanda kunya ta hana shi yin waɗannan tambayoyi, sanarwa kawai yake karantawa.

Ban karanta kimiyya a sakandare ba. Ƙofa ta rufe mini ke nan?

Ko kaɗan. Ta ƙofa biyu ake shiga aikin nan. Wasu daga kimiyya suke zuwa, sun karanta aikin jinya ko haɗa magunguna ko noma, daga baya suka koyi rubutu da magana gaban makirufo. Wasu kuma 'yan jarida ne tun asali, karatu da yawan tambaya suka koya musu kimiyyar. Kowane ɓangare da rauninsa. Wanda ya fito daga ɗakin gwaje-gwaje yakan manta mai sauraro bai san abin da ya sani ba, sai ya cika shiri da Turanci. Wanda ya fito daga ɗakin labarai kuma kwarjinin farar riga kan kama shi, duk abin da likita ya ce sai ya haɗiye.

Abin da babu makawa shi ne Turancin da zai ishe ka karanta rahoton bincike, da lissafin kashi cikin ɗari, da haƙurin zama a kan takarda har ka gane ta. Sauran ana koyo a hanya.

Wace makaranta zan nema?

Tsohuwar makarantar koyon aikin jarida ta GIJ da ke Akra, wadda aka kafa a 1959 zamanin Kwame Nkrumah, yanzu an haɗe ta da makarantar fim da talabijin ta NAFTI da cibiyar koyon harsuna, sun zama jami'a guda mai suna UniMAC. Jami'ar Ghana da ke Legon tana da sashen nazarin sadarwa. Idan kuma kimiyya kake karantawa a KNUST, jami'ar kimiyya da fasaha ta Kumasi, kada ka bar ta don jarida. Ka gama digirinka, amma ka riƙa leƙa Focus FM, rediyon harabar jami'ar, kamar yadda ɗaliban Legon ke koyon aiki a Radio Univers.

Bayan makaranta akwai horo na gajeren zango. SciDev.Net da ƙungiyar 'yan jaridar kimiyya ta duniya, WFSJ, sun daɗe suna horar da 'yan jaridar Afirka, wasu darussan kyauta ne a intanet. Takardar shaida tana buɗe ƙofar ofis, amma edita abin da ka taɓa yi zai ce ka kunna masa ya ji. Duba amsa ta ƙarshe kan yadda ake tara irin wannan aiki.

Akwai labaran kimiyya a Ghana da za su ishi mutum ya rayu a kansu?

Sun fi ƙarfin mutum ɗaya. Ka fara da abin da turoturo ɗaya zai kai ka. A cikin KNUST akwai cibiyar binciken cututtuka ta KCCR, wadda aka kafa a 1997 tare da haɗin gwiwar wata cibiyar cututtukan ƙasashe masu zafi da ke Hamburg a Jamus, kuma ita ce ta ɗauki nauyin gwajin korona na yankunan arewacin ƙasar a farkon annobar. A Fumesua akwai cibiyar binciken amfanin gona da ta binciken gandun daji, dukansu ƙarƙashin hukumar binciken kimiyya da masana'antu ta CSIR. A asibitin koyarwa na Komfo Anokye aka fara gwajin jarirai don gano sikila a 1995, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Kwaku Ohene-Frempong. Agogo da Kintampo suna cikin wuraren da aka gwada allurar rigakafin zazzaɓin cizon sauro ta RTS,S, wadda Ghana da Kenya da Malawi suka fara yi wa yara a 2019, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta amince da ita a watan Oktoba na 2021. A watan Afrilu na 2023 Ghana ce ƙasa ta farko da ta amince da allura ta biyu, R21.

Idan ka gangara Akra, akwai cibiyar binciken lafiya ta Noguchi a Legon, da aka buɗe a 1979 da tallafin Japan, aka sa mata sunan Hideyo Noguchi, likitan da zazzaɓin shawara ya kashe a Akra a 1928 yana tsaka da bincike a kan cutar. Can aka fara gano cutar Marburg da ta ɓulla a nan yankin Ashanti a watan Yuli na 2022, kafin cibiyar Pasteur ta Dakar ta tabbatar. Hukumar makamashin nukiliya tana Kwabenya da ƙaramar na'urarta ta bincike. A Kuntunse an mayar da wani tsohon faifan sadarwa mai faɗin mita 32 ya zama na'urar sauraron sararin samaniya a 2017, shekarar da ɗaliban jami'ar All Nations ta Koforidua suka ga tauraronsu GhanaSat-1 ya shiga falaki. A arewa kuwa, cibiyar binciken noma ta SARI da ke Nyankpala ta fitar da irin wake da aka sauya wa ƙwayar halitta don ya jure tsutsar da ke huda shi, kuma har yau ana muhawara a kansa.

Duk da haka, labaran da na fi so a yi su ne waɗanda ke bakin ƙofarmu. Hayaƙin da ke tashi idan ana ƙona wayoyin lantarki don ciro jan ƙarfe, me yake yi wa huhun yaron da ke tsaye a kai? Zaiba, wato sinadarin makuri da masu galamse (haƙar zinariya ba bisa ƙa'ida ba) ke wanke zinariya da shi, ina yake tafiya bayan ya shiga kogin Offin, wanda madatsar Barekese da ke shayar da Kumasi take kansa? Gubar da ke fitowa a gyaɗa da masara idan sun yi fumfuna, tana kaiwa ga ƙuli-ƙuli da kokon da muke karyawa da su? Ga man bilicin, ga tiramol, ga dalmar da ake samu a wasu nau'o'in kwalli. Kowanne a cikinsu shiri ne na makonni.

Mutanen zango suna da damuwar abinci da haya. Wa zai saurari kimiyya?

Suna sauraro tun tuni, sai dai ba daga bakinmu ba. Ka murɗa rediyo da daddare, ko ka tsaya a tashar Kejetia, ka ji mai magani yana bayanin hanta da ƙoda da jijiya dalla-dalla, da Hausa ko Twi mai daɗi, mutane sun yi shiru. Ƙishirwar sanin jiki tana nan. Wanda ya iya magana ne ya riga mu zuwa.

Kuma tarihi ya nuna abin da ke faruwa idan aka bar jama'a cikin duhu. A 1996, lokacin annobar sanƙarau a Kano, an gwada maganin Trovan a kan yara, abin da ya jawo shari'a ta shekaru. Raunin da wannan ya bari yana cikin dalilan da suka sa aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano daga 2003 zuwa 2004, cutar kuma ta bazu zuwa ƙasashe da dama. A nan gida, a 2015, an dakatar da gwajin allurar Ebola da aka shirya yi a Hohoe bayan da jita-jita ta cika gari cewa cutar za a sa wa mutane, maganar ta kai har majalisa. A duka biyun tsoron jama'a ba hauka ba ne. Suna da tambayoyi na gaskiya, ba su sami mai amsa musu da harshensu a kan lokaci ba. Gurbin nan shi ne aikinka.

Hausa za ta iya ɗaukar bayanin kimiyya kuwa?

Za ta iya, in dai kai ka gane abin. Yawancin lokacin da mai gabatarwa ya gudu zuwa Turanci, ba Hausar ce ta gaza ba, shi ne bai fahimta ba. Kada ka ɓata lokaci wajen ƙirƙiro sabuwar kalma da ba wanda zai sake furtawa. Ka faɗi abin da abu yake yi. Mai sauraro ba ya buƙatar sunan kowace ƙwayar cuta, amma yana buƙatar ya san cewa ƙwayoyin cuta iri-iri ne, kuma kafso ɗin da yake saya a kemis don mura ba ya taɓa irin wadda ke kawo mura, illa ma ya koya wa waɗansu ƙwayoyin jure magani.

Ka kuma tuna wa kake yi wa magana. Hausar zangon Kumasi ba ta Kano ba ce, kuma da yawa cikin masu sauraronka Dagombawa ne, da Mosawa, da Zabarmawa, da Kotokoli, waɗanda Hausa harshen kasuwa da masallaci ne a gare su. Jimla gajera ta fi kai saƙo. Idan kalmar da unguwa ta sani ta aro ce, yi amfani da ita.

Ta yaya zan gane binciken da za a dogara da shi?

Fara da neman takardar binciken kanta, kada ka tsaya a kan sanarwar manema labarai, domin sanarwa talla ce. Shafukan intanet na Google Scholar da PubMed da African Journals Online za su kai ka ga mafi yawansu, idan kuma an rufe takarda sai an biya, rubuta wa marubucin, sukan aiko da ita da murna. Sai ka duba ko mujallar tana sa wasu masana su tace aiki kafin a buga shi. Akwai mujallun da kuɗi kawai suke karɓa su buga komai, akwai kuma rahotannin da ake sakewa a intanet kafin tacewa. Ba haramun ba ne ka ambaci irin na biyun, amma dole ka faɗa wa mai sauraro matsayinsu.

Daga nan sai tambayoyin cikin aikin. A kan ɓera aka yi gwajin, ko a cikin kwalba, ko a kan mutane? Abubuwa da yawa suna kashe ƙwayar cuta a kwalba amma ba sa yin komai a jikin ɗan'adam. Idan mutane ne, nawa ne, kuma yaya aka zaɓo su? Mai ɗanɗana miya cokali ɗaya ya ishe ta, amma sai in ta motsa tukunyar tukuna. An kwatanta waɗanda aka ba magani da waɗanda ba a ba su ba? Gwajin magani matakai ne: na farko a kan mutane kaɗan don a ga ko yana cutarwa, na biyu don a ga alamun amfani da adadin da ya dace, na uku a kan jama'a masu yawa. Wanda ke mataki na farko bai zama "sabon magani" ba tukuna. A ƙarshe, nemi masani na biyu wanda ba shi da hannu a aikin ya duba maka. Bincike ɗaya tilo ba ya rufe magana.

Lissafi yana ba ni tsoro. Yaya zan yi da alƙaluma?

Rage su. Kunne ba ya riƙe lamba fiye da ɗaya ko biyu a labari guda, kuma "mutum ɗaya cikin biyar" ya fi "kashi 20 cikin ɗari" zama a kai. Amma wadda ka zaɓa, ka tabbata ka gane ta har ƙasa.

Ga misalin da ya shafi kowane gida. Idan miji da mata duka AS ne, wato suna ɗauke da ƙwayar gadon sikila amma ba su da ciwon, yiwuwar su haifi mai sikila ɗaya ce cikin huɗu. Mutane da yawa suna ɗauka ma'anarsa ita ce in sun haifi huɗu, ɗaya ne kawai zai kamu, har ma wasu su ce tunda na fari ya zo da ita, sauran ukun sun tsira. Ba haka ba ne. Kowane ciki lissafinsa sabo ne, ana iya haifar huɗu duka lafiya, ana iya samun biyu ko uku masu ita. Mai gabatarwar da ya kasa fayyace wannan ya iya jefa iyali cikin wahala da bakinsa. Haka kuma idan aka ce wani abu "ya ninka haɗari sau biyu", tambayi daga nawa zuwa nawa. Daga mutum 1 cikin 10,000 zuwa 2 ninki biyu ne, daga 1 cikin 10 zuwa 2 ma ninki biyu ne, amma tsakaninsu akwai nisa.

Masana ba sa son magana da 'yan jarida. Ta ina zan ɓullo musu?

Da yawansu an taɓa juya musu magana ne, shi ya sa suke ɗari-ɗari. Ka rubuta gajeren saƙo, ka faɗi ko kai wane ne, gidan da kake wa aiki, da takardarsu da ka karanta. Wannan na ƙarshen shi ke buɗe ƙofa. A hukumomin gwamnati irin su Hukumar Lafiya ta Ghana sau da yawa sai ka bi ta ofishin hulɗa da jama'a da wasiƙa, saboda haka kada ka jira ranar shiri. Kuma kada ka raina ɗaliban digiri na biyu da na uku, su ne hannunsu ke cikin aikin, sun kuma fi samun lokaci.

Lokacin hira, idan ya yi bayani ba ka gane ba, ka ce: "Dokta, a yi mini afuwa, a sake faɗa mini kamar kakata ce ke zaune a nan." Sai ka maimaita masa abin da ka fahimta da bakinka, ya gyara. Kana iya karanta masa jimlolin da suka shafi kimiyyar don ya tabbatar, amma ba a miƙa masa rubutun gaba ɗaya ya tace. Kuma duk likita ko injiniya ko malamar jinya ɗan zango da ka haɗu da shi mai jin Hausa, ka riƙe lambarsa da kyau. Muryarsa kai tsaye ta fi fassara goma.

Yaya ake haɗa rahoton rediyo na minti biyar?

A ce kan sikila ne. Kafin ka fita, rubuta a jimla ɗaya abin da kake so mai sauraro ya tashi da shi, misali: a yi gwajin jini kafin a sa rana. Sai ka nemi uwa da ke jinyar yaro, ka gaya mata a fili inda muryarta za ta fita, ka tambaye ta ko tana so a ɓoye sunanta. Sunan yaro kuwa ɓoye shi ko ba ta roƙa ba. Ku shiga ɗaki, a kashe fanka, a rufe taga saboda ƙarar aboboya da injin niƙa. Riƙe wayar kamar taƙi ɗaya daga bakinta, ɗan gefe kaɗan don kada numfashi ya bugi makirufo, kuma ka sa abin ji a kunne don ka ji abin da wayar ke ɗauka, ba abin da kunnenka ke ji ba. Idan ta yi shiru tana neman kalma, kada ka cike mata gurbin. Abin da zai biyo bayan shirun nan shi ne yawanci zuciyar rahoton. Kafin ka tafi, ɗauki minti ɗaya na sautin gidan ba tare da kowa ya yi magana ba, zai yi maka amfani wajen haɗawa.

Daga nan sai likita, sai kuma limamin da ke ɗaura aure. A wajen rubutu, fara da uwar, kawo likita ya bayyana dalili, ka shigo da lambarka guda ɗaya kamar yadda aka yi bayani a amsar alƙaluma, ka rufe da inda ake yin gwajin. Karanta rubutun da ƙarfi. Duk inda numfashinka ya yanke, jimlar ta yi tsawo.

A shirin kai tsaye mutane suna bugo waya suna neman magani. Me zan ce?

Za su bugo, kuma cikin damuwa ta gaske. Wata za ta ce ɗanta kwana uku ke nan jikinsa zafi, me za ta ba shi. Amsarka ita ce: "Hajiya, Allah Ya ba shi lafiya. Ni ba likita ba ne, kuma ko likita ba zai rubuta magani bai ga yaro ba. Don Allah ki kai shi asibiti yau a duba jininsa." Idan akwai likita a sitidiyo, ya faɗi alamun da ba a kwana da su a gida, kamar suma, da jijjiga, da kasa shan nono. Kada tausayi ya sa ka ambaci sunan ƙwaya.

Gidan rediyonmu da tallar maganin gargajiya yake biyan albashi. Yaya zan yi?

Wannan ita ce tambaya mafi nauyi a nan, kuma ba ni da amsar da za ta sa kowa ya ji daɗi. Da farko, maganin gargajiya ba abokin gaba ba ne. Ghana tana da cibiyar binciken magungunan itatuwa a Mampong ta Akuapem tun 1975, kuma sinadarin atemisinin da ke cikin magungunan zazzaɓin cizon sauro na yau daga ganye aka samo shi. Ma'aunin ɗaya ne ga kowa, ko boka ko kamfanin Turai: ina hujja?

Doka ta ce sai hukumar kula da abinci da magunguna, FDA, ta yi wa magani rajista, kuma sai ta amince da tallar kanta kafin a watsa. Lambar rajista ba ta nufin maganin yana warkar da duk abin da mai shi ya lissafa. Abin da ke hannunka shi ne ka raba tsakani. Kada ka karanta tallar magani da muryar da kake gabatar da shirin lafiya da ita, domin mai sauraro amincewar da ya ba ka zai ɗora wa kwalbar. Kada mai magani ya zauna a kujerar masani a shirinka don ya sayi lokaci. Idan kuma wani ya ce a bar maganin hawan jini ko na suga ko na ƙanjamau a koma nasa, wannan magana ce da ke kashe mutane, ka je wurin manaja ka faɗa masa haka ƙarara.

Idan kimiyya ta taɓo addini fa?

Sau da yawa karon da ake tsoro babu shi. Lissafin falaki yana faɗin ranar da za a yi husufi tun shekaru kafin ya zo, kamar wanda ya rufe rana ɗungurungum a kudancin Ghana ranar 29 ga Maris 2006, kuma hadisi ingantacce ya riga ya koyar cewa rana da wata ba sa husufi don mutuwar wani ko rayuwarsa. Haka umarnin kada a shiga garin da annoba ta faɗa, kada kuma na ciki su fita, kowane ɗalibin hadisi ya san shi. A batun ganin wata, kai ka bayyana cewa zagayen wata kusan kwana 29 da rabi ne, da abin da ke sa jinjiri ya ganu ko ya ƙi ganuwa. Sanar da ranar azumi ko salla kuwa na ofishin Babban Limamin ƙasa ne da malamai.

Ka san iyakarka: ba ka ba da fatawa, malam kuma ba ya rubuta magani. A batutuwa irin su rigakafi, da tazarar haihuwa, da azumin mai ciwon suga, ka zaunar da malami da likita a teburi ɗaya. Kuma ka je ka gaishe da malamin a gida kafin ranar, kada ya fara jin tambayar a gaban makirufo.

Ana samun abin rufin asiri? Kuma mene ne hukuncin soli?

Gaskiya albashin gidajen rediyo masu zaman kansu ba shi da yawa, wasu ma sai a yi watanni ana ce musu masu koyon aiki. Da wuya ka sami gidan da zai ɗauke ka don kimiyya kaɗai, za ka haɗa da labaran yau da kullum. Masu ɗorewa sukan haɗa hanyoyi: aiki a gida ɗaya kamar kafar rediyo da talabijin ta ƙasa, GBC, wadda Hausa ke cikin harsunan da take watsa shiri da su, ko tashoshin da ke yi wa zango magana irin su Zuria FM a Kumasi da Marhaba FM a Akra, sannan aika rahoto ga kafofin waje. BBC tana da sashen Hausa tun 1957, haka DW da RFI suna da nasu. Akwai kuma tallafin bincike da ƙungiyoyi ke bayarwa kan lafiya da muhalli, da aikin fassarar saƙonnin lafiya. Wanda ya iya Hausa da Twi da Turanci, ya kuma iya karanta takardar bincike, ba su da yawa a ƙasar nan, wannan kuwa daraja ce a kasuwa.

Soli, ambulan ɗin da ake miƙawa bayan taro da sunan kuɗin mota, kowa ya san shi. Ba zan zagi yaron da ba a biya shi ba don ya karɓa. Amma a fagen lafiya illarsa ta fi ta ko'ina, domin wanda ya ba ka ambulan yau, gobe maganinsa ko masana'antarsa za ka bincika. Idan wata ƙungiya ce ta ɗauki nauyin tafiyarka, faɗa wa editanka, ka faɗa wa mai sauraro.

Ni mace ce. Akwai wuri a gare ni?

Akwai, har ma akwai ɗakunan da ke kaɗai za ki iya shiga. Matar da ke fama da yoyon fitsari, ko kumburi a nono, ko ɓari a kai a kai, ba za ta buɗe baki gaban namiji ba. 'Yan mata masu dakon kaya a Kejetia ma haka. Idan iyaye suna jin tsoron fitar dare, nemi shirin rana ko rahoton da ake naɗa, ki kuma kunna musu aikinki su ji da kunnensu. Ƙasar nan ta daɗe da sanin muryar mace a wannan fage: Farfesa Marian Ewurama Addy, masaniyar sinadaran jiki, ita ce ta fara jagorantar gasar kimiyya da lissafi ta makarantun sakandare a talabijin, wadda aka faro a 1993.

Akwai haɗari? Doka tana kare ni?

Kundin tsarin mulki na 1992 ya ba kafofin watsa labarai 'yanci, an soke dokar da ke ɗaure ɗan jarida kan ɓata suna a 2001, kuma dokar 'yancin samun bayanai ta 2019 ta ba ka damar neman takardu daga hukuma a rubuce, su amsa cikin kwana 14. Amma har yanzu ana iya kai ka kotu neman diyya, akwai kuma dokar yaɗa labarin ƙarya da ake kama mutane da ita. Ajiye duk sautin da ka naɗa da takardun da ka dogara da su.

Yawancin aikin lafiya lau ake yin sa. Inda ake taka tsantsan shi ne inda kimiyya ta haɗu da kuɗi, musamman galamse da jabun magunguna. Ba mu manta da Ahmed Hussein-Suale ba, ɗan jaridar bincike da aka harbe a unguwar Madina ta Akra a watan Janairu na 2019, Allah Ya jiƙansa. Kada ka je ramin haƙar zinariya kai kaɗai, kada ka je ba da sanin edita ba, kuma ka shiga ƙungiyar 'yan jarida ta GJA. Wajen annoba kuma, umarnin ma'aikatan lafiya shi ne gaba da ɗaukar sauti.

Idan na faɗi abin da ba daidai ba, ko kimiyyar ta sauya daga baya?

Gyara shi a shiri na gaba, a lokacin da masu sauraro suka fi yawa, ka faɗi abin da aka ce da abin da yake daidai. Sauyin kimiyya kuwa ba kuskure ba ne, ƙarin hujja ne, kamar yadda shawara kan takunkumin fuska ta sauya a 2020. Shi ya sa tun farko ake cewa "abin da aka sani zuwa yanzu".

Ba ni da kowa a gidan rediyo. Ta ina zan fara?

Da wayar da ke hannunka. Zaɓi fage ɗaya, a ce lafiyar yara ko ruwan sha, ka lazimce shi har mutane su san ka da shi. Saƙonnin murya da ke yawo a WhatsApp na unguwa ma'adini ne: ɗauki guda, bi diddiginsa ta hanyoyin da aka zayyana a amsar tantance bincike, duba ko masu tantance labarai irin su GhanaFact ko Dubawa sun riga sun yi aiki a kai, sannan ka naɗi amsa ta minti biyu da Hausa ka mayar cikin rukunin da ya fito. Kana iya neman taimakon manhajoji irin su ChatGPT wajen fahimtar kalma mai wuya, amma kada ka ɗauki lamba ko sunan bincike daga gare su sai ka gani a asalin takardar, domin sukan ƙirƙiro abin da babu.

Idan ka tara guda biyar ko shida masu kyau, ka je wurin shugaban shirye-shirye da su a waya, ka roƙi minti biyar a mako cikin wani shiri da ake da shi. Tafi da jerin batutuwan wata uku a rubuce, da sunayen masanan da suka riga suka amsa za su zo.